Yadda Ake Shirya Kai Iyali Disney ko Universal Ba Tare da Kuɗin Tikiti Ya Salwanta Ba

Duk lokacin da dogon hutun makaranta ya ƙarato, tambayar da ake yawan kawo mini ita ce yadda mutum zai kai yaransa manyan wuraren wasan nan na ƙasashen waje, irin su Disney da Universal da na Abu Dhabi. Masu tambayar da yawa sun taɓa zuwa kafin annobar korona, lokacin da kake iya sauka daga jirgi, ka kwana, da safe ka je ƙofa ka sayi tikiti ka shiga. Wannan zamani ya wuce. Yanzu tikitin yana ɗauke da rana, farashinsa yana hawa da sauka, wasu wuraren kuma ko da tikiti a hannunka ba za a bar ka ka shiga ba sai ka riga ka kama gurbin wannan ranar.

Abin da ya fi jawo wa mutane asara shi ne juya tsarin aikin: su fara da sayen tikiti saboda sun ga rangwame, sai daga baya su nemi biza. Ga matakan a jere. A bi su yadda suka zo.

1. Biza tukuna

Kada ka biya ko sisi na tikitin wurin wasa sai biza ta fito, ta kowa da kowa har jaririn goye. Tikitin Walt Disney World da ke Orlando, a jihar Florida ta Amurka, ba a mayar da kuɗinsa kuma ba a sauya masa mai shi. Saye kafin biza cinikin biri a sama ne.

Ga mai fasfon Najeriya, Nijar, Chadi ko Sudan, maganar Amurka ta yi nauyi ƙwarai. A watan Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta hana 'yan Chadi da Sudan shiga ƙasar. A watan Yulin wannan shekara ta mayar da bizar ziyara ta 'yan Najeriya ta wata uku, shiga sau ɗaya. Sannan a watan Disamban 2025 aka fitar da wata sanarwa da ta sa Nijar cikin waɗanda aka hana gaba ɗaya, ta kuma dakatar da ba 'yan Najeriya sabuwar bizar yawon buɗe ido daga 1 ga Janairun 2026. Wanda yake da biza mai rai tun kafin ranar, da mai katin zama na dindindin, da mai fasfo biyu wanda zai yi tafiya da na ƙasar da dokar ba ta shafa ba, su hanyarsu a buɗe take. Irin waɗannan dokoki suna sauyawa cikin 'yan watanni, don haka shafin ofishin jakadancin Amurka na ƙasarka shi ne wurin farko da za ka buɗe, kafin shafin Disney.

Inda ƙofar neman take a buɗe, kuɗin bizar ziyara dala 185 ne a kan kowane mutum, babba ko yaro, kuma ba a mayarwa idan an ƙi ka. Gida mai mutum shida ya ajiye dala 1,110 tun kafin a yi maganar jirgi.

Gargaɗi: idan bizarka ta wata uku ce mai shiga sau ɗaya, lissafa ranar tafiya daga ranar da aka buga ta, ba daga ranar da ka karɓi fasfo ba. Kuma kada ka tsara leƙawa wata ƙasa a tsakiyar hutun da niyyar dawowa Amurka, domin shigar farko ta cinye bizar.

Faransa, inda Disneyland Paris take, tana ƙarƙashin bizar Shengen, wato bizar bai-ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai. Kuɗinta yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, yuro 45 ga yaro ɗan shekara 6 zuwa ƙasa da 12, ban da ladan kamfanin da yake karɓar takardu. Ana iya shigar da takardu tun saura wata shida a yi tafiya, kuma dole a haɗa da inshorar lafiya wadda ta kai yuro 30,000. Nemi lokacin ganawa da wuri, domin daga watan Mayu zuwa Yuli samun gurbi wahala yake yi. Mutanen Nijar su tuna ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun farkon 2024, ke nan dole a sa kuɗi da kwanakin zuwa wata ƙasa neman biza cikin lissafi.

Daular Larabawa, inda Abu Dhabi da Dubai suke, ta sake buɗe wa 'yan Najeriya biza a watan Yulin 2024 bayan doguwar rufewa, amma da sharuɗɗa masu tsauri, kuma yawanci ta hannun kamfanin jirgi ko wakilin tafiye-tafiye ake nema. Fasfo ya kasance da saura wata shida aƙalla. Idan uwa ce kaɗai za ta tafi da yara, ko uba kaɗai, a riƙe takardar amincewar ɗayan da takardun haihuwa. Katin rigakafin shawara ma kada a bar shi a gida.

2. San dokar wurin da ka zaɓa

Sunan kamfani ɗaya ne amma dokokin ba ɗaya ba ne, kuma nan ne mutane suke ruɗewa. Wani zai karanta bayanin Florida ya ɗauka haka California take.

Walt Disney World, Orlando: filaye huɗu ne, Magic Kingdom, EPCOT, Hollywood Studios da Animal Kingdom. Da aka sake buɗewa a Yulin 2020 aka fito da dokar kama gurbi. Daga 9 ga Janairun 2024 aka ɗauke ta ga duk wanda ya sayi tikiti mai ɗauke da ranar farawa, wanda shi ne irin tikitin da baƙo daga waje yake saye. Masu katin shekara da masu wasu tikitocin rangwame har yanzu suna kama gurbi. Saboda haka idan wani ya kawo maka tikiti mai arha wanda babu rana a jikinsa, tambayar farko ita ce ko yana buƙatar gurbi.

Disneyland ta California, a garin Anaheim: filaye biyu ne, kuma a can tikiti kaɗai bai isa ba. Sai ka haɗa da gurbin rana da na filin da za ka fara shiga. Ranakun bukukuwa sukan cika.

Disneyland Paris: tana Marne-la-Vallée, gabas da birnin. Tikiti iri biyu ne, mai rana da marar rana. Marar ranar ya fi tsada, kuma sai ka koma shafinsu ka yi rajistar ranar da kake so kafin ka je, idan ba ta cika ba. Tun ƙarshen 2024 farashin rana guda ma yana iya sauyawa gwargwadon yawan masu saye. Kada ka dogara da saye a ƙofa, harkar ta koma intanet.

Universal Orlando: a 22 ga Mayun 2025 suka buɗe sabon filinsu Epic Universe, ƙari a kan Universal Studios Florida da Islands of Adventure da filin ruwa na Volcano Bay. A shekarar farko tikitin kwanaki da yawa rana ɗaya tak yake ba mutum a sabon filin, daga baya aka sassauta. Abin lura shi ne ba kowane tikitin Universal ne ya ƙunshi Epic Universe ba. Idan ba ka ga sunan a rubuce ba, babu shi.

Ga 'yan kasuwarmu masu zuwa Sin da suke so su haɗa da iyali: Disneyland ta Shanghai tun Disamban 2024 tana ɗaure kowane tikiti da takardar shaidar mai shi. Lambar fasfon da aka sa wajen saye, wannan fasfon za a nuna a ƙofa, na asali.

A ganina, ga iyalin da suka fito daga Kano, Kaduna, Maraɗi ko Njamena da ƙananan yara, tsibirin Yas na Abu Dhabi ya fi sauƙin sha'ani nesa ba kusa ba. Ferrari World, Warner Bros. World, SeaWorld da Yas Waterworld duk suna kusa da juna, akwai wurin salla, abinci ba abin zargi, kuma tafiyar ba ta kai ta Amurka tsawo ba. Disney ma ta sanar a Mayun 2025 cewa za ta gina fili a can, amma wannan sai nan gaba.

3. Zaɓen rana

Farashin tikitin Disney World na rana ɗaya yana farawa ne daga sama da dala 100 kaɗan a ranakun da ba kowa, ya kai wajen dala 200 a Magic Kingdom a makon Kirsimeti. Shafin yana nuna kalanda da farashin kowace rana. Buɗe ta kafin ka tsayar da ranar jirgi, domin matsar da tafiya da mako ɗaya yana iya rage ɗaruruwan daloli ga gida guda.

Lokutan tsada da cunkoso a Amurka: hutun bazara na makarantunsu a Maris da Afrilu, makon 4 ga Yuli, makon bikin godiya a ƙarshen Nuwamba, da Kirsimeti zuwa sabuwar shekara. Sa'ar da muke da ita ita ce dogon hutunmu yana kaiwa farkon Satumba, yaran Florida kuwa sun koma makaranta tun wajen tsakiyar Agusta. Ƙarshen Agusta da farkon Satumba suna cikin mafi arhar lokuta a shekara. Amma arhar tana da dalili: zafi mai gumi, ruwan sama kusan kowane yammaci, kuma tsakiyar lokacin guguwar teku ne, wanda yake kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba.

Gargaɗi: daga Agusta zuwa Disamba akwai darare da yawa da Magic Kingdom take sallamar masu tikitin yau da kullum da ƙarfe 6 na yamma saboda bikin dare mai tikitinsa daban. Wanda ya sa ranarsa guda ɗaya a irin wannan rana ya rasa wasan wuta na dare, wanda shi ne abin da yara suka fi ɗoki. Duba lokacin rufewa na ranar da ka zaɓa.

A Faris, Yuli da Agusta da hutun ƙarshen Oktoba su ne cunkoso, Asabar da Lahadi kuma sun fi tsakiyar mako tsada. A Daular Larabawa zafin Yuli da Agusta yana haura digiri 40, sai a karkata ga filayen da ke cikin rufi da sanyi, irin Ferrari World da Warner Bros. World, ko IMG Worlds of Adventure a Dubai. Global Village ta Dubai kuwa a lokacin sanyi kaɗai take buɗewa, wanda ya je a Agusta zai tarar da ita a kulle.

Kada ka sa ranar farko ta tikiti washegarin sauka. Tafiya daga Legas zuwa Orlando ta Atlanta ko Washington, ko daga Kano ta Doha, Alƙahira ko Addis Ababa, tana cin yini guda ko fiye, jirgi kan yi latti, jaka kan maƙale, yara kuma barcinsu ya birkice. Bar kwana ɗaya a tsakani.

4. Katin da zai biya

Kafin ka zauna saye, tabbatar katinka zai ɗauki kuɗin. Katin naira, ko a bankunan da suka dawo da biya a waje, yana da iyaka, kuma tikitin gida guda na kwana huɗu yana iya zarce iyakar sau da yawa. Katin asusun dala shi ya fi. Sa kuɗin a ciki da 'yar rara, kira bankin ka gaya musu za ka yi babban biya, kuma layin wayar da lambar tabbatarwa take shigowa ya kasance a hannunka. Tsabar dalar da ka canzo a Wapa tana da amfani can wajen abinci da mota, amma ba za ta saya maka tikiti a intanet ba sai ka zuba ta a asusu.

Farashin da Amurkawa suke rubutawa babu haraji a ciki. A yankin Orlando ana ƙara kashi 6.5 cikin ɗari a ƙarshe. Na Faris da harajinsa yake zuwa, kuma ga masu sefa lissafin a tsaye yake tun da yuro ɗaya sefa 656 ne ba ya motsi.

Gargaɗi: idan biya ya ƙi wucewa, kada ka yi ta dannawa. Kowane gwaji yana iya riƙe kuɗin na kwanaki, ka wayi gari asusun ya ƙare alhali ba ka da tikiti ko ɗaya. Duba imel da asusun banki tukuna.

5. Sayen tikitin kansa

Saya daga shafin wurin da kansa ko manhajarsa, ko daga dillalin da kamfanin ya amince da shi. Idan wakilin tafiye-tafiye ne zai saya maka, ka ce ya ba ka lambar tabbacin tikitin, ka shigar da ita a manhajar kamfanin a gabansa kafin ka cika masa kuɗi. Hoton tikiti a WhatsApp ba shaida ba ce.

Yanke shawara uku za ka yi.

Ta farko, kwana nawa. Farashin kowace rana yana raguwa sosai idan kwanakin suka yi yawa, musamman daga kwana na biyar. Amma tikitin yana da wa'adi daga ranar farawa. A Disney World na kwana 2 sai a cinye shi cikin kwana 4, na kwana 3 cikin 5, na kwana 4 cikin 7, na kwana 5 cikin 8, na kwana 7 cikin 10, na kwana 10 cikin 14. Wa'adin yana fara ƙirga ne daga ranar da ka zaɓa, ko ka shiga ko ba ka shiga ba. Wanda ya tsara zuwa wajen 'yan uwa a wata jiha a tsakiyar hutu ya lura da wannan.

Ta biyu, ko za ka ƙara kuɗin tsallakawa daga fili zuwa fili a rana ɗaya, abin da Disney take kira Park Hopper. Shawarata ga mai zuwan farko da ƙananan yara: bar shi. Fili ɗaya ya ishi yini, kuma tsakanin filayen Orlando tafiya ce ta bas ko jirgin ƙasa wadda take cinye kusan awa guda. A Faris da California filayen biyu suna fuskantar juna, da ƙafa ake tsallakawa, can kuɗin yana da amfani. A Universal kuwa, jirgin ƙasan da yake haɗa tsofaffin filayen biyu, Hogwarts Express na fina-finan Harry Potter, ba a hawansa sai da tikitin filaye biyu, yara da yawa kuma dominsa suke son zuwa.

Ta uku, shekarun yara. A Disney World ɗan ƙasa da shekara 3 kyauta ne, 3 zuwa 9 kuɗin yaro, daga 10 kuɗin babba. A Faris kuɗin yaro yana kaiwa shekara 11. Bambancin na yaro da na babba a Amurka ɗan kaɗan ne, kada ka sa rai da rabin kuɗi.

Gargaɗi: akwai tikiti mai arha na mazauna Florida da na mazauna kudancin California. Ɗan uwa da ke zaune can yana iya cewa zai saya maka da adireshinsa. Kada ka yarda. Ana neman shaidar zama daga kowane babba, wanda ba shi da ita sai ya cika bambancin kuɗi a farashin ranar. Haka ragowar kwanakin tikitin wani: a Disney World ana ɗaukar yatsa a shigar farko, a Universal ana ɗaukar hoton fuska ko yatsa, tikitin ya zama na mutum ɗaya. Duk mai sayar da ragowar kwanaki a bakin titin Orlando takarda kawai yake sayar maka.

Rubuta sunaye daidai yadda suke a fasfo. Idan fasfo ya ce Aishatu, kada a rubuta A'isha.

6. Haɗa tikiti da manhaja, kama gurbi

Sauke manhajar wurin tun kana gida: My Disney Experience ta Orlando, Disneyland ta California, Disneyland Paris, ko ta Universal. Mutum ɗaya ya buɗe asusu, ya shigar da kowa na gidan, ya ɗaura wa kowa tikitinsa. Idan gida biyu ne za su tafi tare, a haɗa asusun biyu tun yanzu don a iya kama lokuta tare.

Inda ake kama gurbi, tsarin shi ne: duba kalandar gurabe kafin saye, saya, sannan ka kama gurbin nan take a zama ɗaya. Kowane mutum, kowace rana. Kuskuren da aka fi yi shi ne maigida ya kama wa kansa ya ɗauka ya kama wa kowa, ko ya kama ranar farko ya bar sauran. Ƙirga imel ɗin tabbaci, ka ga sunan kowa.

Ɗauki hoton lambobin tikiti a waya, ka kuma buga su a takarda. Layin gida yakan ƙi aiki a can, batir kuma ba ya kai yamma saboda komai ta manhajar ake yi. Sayi layin intanet na can ko na cikin waya, ka riƙe abin cajin tafi-da-gidanka da kan soket irin na ƙasar, domin namu mai ƙafa uku ba ya shiga na Amurka ko na Faransa.

7. Kuɗin tsallake layi

Wannan shi ne kuɗin da yake ba mutane mamaki, domin a da kyauta ne. Disney World ta daina tsarinta na tsallake layi kyauta mai suna FastPass, ta kawo Genie+ na kuɗi a Oktoban 2021, sannan a 24 ga Yulin 2024 ta maye gurbinsa da Lightning Lane. Iri biyu ne da yawancin mutane suke saye. Multi Pass yana ba ka damar zaɓar wasanni uku da lokutansu tun kafin ranar, idan ka hau na farko ka ƙara wani. Single Pass kuma na manyan wasanni ne ɗai-ɗai waɗanda ba sa cikin na farkon. Farashi yana bin rana da fili, a Magic Kingdom yakan haura dala 30 kan kowane mutum lokacin cunkoso. Mutum biyar, kwana huɗu, a dala 30, dala 600 ke nan a kan kuɗin tikiti.

Wanda ya sauka a otal ɗin Disney yana saye tun saura kwana 7, saura kuwa sai saura kwana 3. Ana buɗewa da ƙarfe 7 na safe agogon Florida, wato 12 na rana a Najeriya da Nijar daga Maris zuwa farkon Nuwamba, ƙarfe 1 a sauran watanni. Wasannin da aka fi so suna ƙarewa da wuri.

Gargaɗi ga baƙi: lokacin da aka fito da tsarin, wanda yake wajen Amurka da Kanada ba ya iya saye sai ya sauka a ƙasar. Gwada manhajar tun kana gida. Idan ta hana ka, ka saya da zarar ka sauka, tun a filin jirgi. Wannan wani dalili ne na barin kwana tsakanin sauka da ranar farko.

Ba kowace rana ce take buƙatarsa ba. Ni zan saya na Magic Kingdom da Hollywood Studios, in bar EPCOT da Animal Kingdom, in maye gurbinsa da sammako. Isa ƙofa minti 45 kafin buɗewa yana ba ka manyan wasanni biyu ko uku kafin rana ta ɗaga. Masu sauka a otal ɗin Disney ana buɗe musu minti 30 kafin kowa.

A Universal sunansa Express, kuma ya fi tsada. Otal uku nasu, Portofino Bay, Hard Rock da Royal Pacific, suna haɗa shi kyauta ga duk wanda ke ɗakin, a tsofaffin filayen biyu, ban da Epic Universe. Ga gida mai mutum huɗu ko biyar, kwana ɗaya a ɗayansu yakan fi sayen Express arha, kuma yana aiki ranar shiga da ranar fita. A Faris sunansa Premier Access.

Kafin ka biya wa yaro, auna tsawonsa da takalmi. Wasan Space Mountain na Magic Kingdom yana neman santimita 112, wasan TRON yana neman 122, kuma ma'aikatan ba sa ɗaga ƙafa ko da yatsa ɗaya ne ya rage. Idan akwai ƙaramin da bai kai ba, ku nemi tsarin karɓa-karɓa a bakin wasan: uba ya hau da manyan, uwa ta jira da ƙaramin, sannan ta hau ba tare da ta sake bin dogon layi ba.

8. Abinci da salla

Gidajen abinci na zama a Disney World ana kama su tun saura kwana 60, waɗanda ake cin abinci tare da masu shigar jaruman katun suna cika da wuri, kuma wanda ya kama bai je ba ana cire masa tara a kati. An yarda ka shiga da abincinka da ruwanka, ban da kwalba ta gilas. Masauki mai kicin, da ɗan kilishi ko dambun nama da za ka saya a shagunan 'yan Afirka na can, yana rage kuɗi sosai. Kada ka ɗauko nama daga gida, kwastan na Amurka da na Turai ba sa bari, kuma ɓoyewa yana jawo tara.

A Amurka da Faransa tambayi abin da ke cikin abinci kafin ka saya, domin naman alade yana shiga inda ba ka zata ba, har cikin wake da miya da alewa. Don salla, je ofishin kula da baƙi da ke kusa da ƙofar shiga ka nemi su nuna maka wuri mai natsuwa. Riƙe 'yar darduma mai naɗewa a jaka.

9. Daren jajibiri da ƙofa

Sake duba lokacin buɗewa da rufewa, da wasannin da aka rufe don gyara. Tsara abin hawa: Disney ta daina bas ɗin kyauta daga filin jirgin Orlando tun Janairun 2022, kuma ajiye mota a fili yana cin dala 30 ko fiye a rana. A Faris jirgin RER A yana kai ka tashar Marne-la-Vallée Chessy a bakin ƙofa cikin kusan minti 40 daga tsakiyar gari. Duba allon tasha domin layin yana rabuwa biyu.

Ana binciken jaka. Sandar ɗaukar hoto ba ta shiga, haka wuƙa ko ta bare lemo. Keken jariri a Disney ta Amurka kada ya wuce faɗin inci 31 da tsawon inci 52. Mai babbar riga ko dogon hijabi ya tattare su sosai a wasanni masu gudu, hula kuma a cire a sa a jaka. Rubuta lambar wayarka ta can a takarda ka sa a aljihun kowane yaro, ka nuna musu ma'aikata masu bajon suna a ƙirji, su ne za su nufa idan sun ɓace.

10. Idan tafiya ta sauya

Jirgi ya ɗaga, yaro ya kwanta rashin lafiya, ko fasfo ya makara: yi gyara kafin ranar farawa ta iso, ba bayanta ba. A Disney World ana sauya ranar ta manhaja, idan sabuwar ta fi tsada ka cika, idan ta fi arha ba a ba ka canji. Tikitin da ba a taɓa amfani da shi ba kuma wa'adinsa ya wuce, kuɗinsa bai mutu ba, ana iya ɗora shi a kan sabon tikiti, don haka kada ka goge imel ɗinsa. Wanda aka fara amfani da shi kuwa, sauran kwanakin suna tafiya da wa'adi.

A Disneyland Paris tikiti mai rana da ka saya kai tsaye daga gare su ana iya soke shi a mayar maka da kuɗi har zuwa saura kwana 3. A California, idan ba za ka je ba, soke gurbin ka kama wata rana tun da sauran wuri. Idan ta hannun dillali ko wakili ka saya, gyaran ta hannunsa zai bi, da nasa sharuɗɗan, shi ya sa ake neman su a rubuce tun ranar biya.

Game da guguwa, idan hukumar Amurka mai lura da ita ta yi gargaɗi a kan yankin Orlando cikin kwana 7 kafin isowarka, Disney tana barin wanda ya kama otal kai tsaye daga gare ta ya ɗaga ko ya soke ba tara. Wannan bai shafi tikitin jirgi ba, kuma bai shafi masaukin da ka kama a waje ba. Waɗannan sai inshorar tafiya, kuma sai wadda aka saya kafin a sa wa guguwar suna.